Shekarar da Ƙasar Baba Ta Ƙi Sha

Bana azumi ya sake faɗowa a bazara, kuma duk mutumin Lafiya ya san abin da hakan ke nufi. Tun da hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas, fanka ma iskar zafi take hurowa. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gidana a Azuba, na jiƙa tawul na ɗora a ka, sai autata ta leƙo ta ce wai wayarta ta nuna za a yi ruwa ranar Alhamis. Na ce da ita, ita wayar ta taɓa sa hannu a ƙasa? Ta dube ni kamar azumi ya taɓa min kai. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, don na tuna wani azumin bazara irin wannan, shekara talatin da wani abu da suka wuce, shekarar da kowa a ƙauyenmu yake roƙon ruwa, ni kaɗai nake roƙon Allah ya ɗan jinkirta shi.

Wasan golf, na bugun ƙwallo da sanda, shi ne sana'ata, da shi na ci na sha har gwiwa ta ce ta gaji. Ina ɗan saurayi aka tura ni Jos wajen kawuna da ke gadin filin wasan. A can na fara ɗaukar wa manya jakar sanduna, daga nan na fara satar bugu idan sun shiga hutawa, har hannu ya faɗa. Da na girma sai na shiga sahun masu yawon gasa, waɗanda ba su da albashi sai abin da sanda ta kawo. Kano, Kaduna, Ibadan, duk inda aka ce an sa gasa, a can za ka gan mu da jakunkuna a saman motar haya.

A wasan nan ramuka goma sha takwas ake bi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya jefa ƙwallo rami da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Gasa kwana huɗu ce. Bayan Alhamis da Juma'a sai a tace 'yan wasa, waɗanda bugunsu ya yi yawa a sallame su, sauran su ci gaba Asabar da Lahadi, kuma su kaɗai ke komawa gida da wani abu a aljihu. Wannan tacewar muke kira kot. Ni kuwa kot ya san ni, na san shi. Shekara biyu ina yawo, ban taɓa buga ƙwallo ranar Asabar ba.

Ciwona iri biyu ne. A filayen Arewa ba a dasa ciyawa a kewayen rami, yashi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a baje, kafin ka buga wani ya ja tabarma ya share maka hanya. Yashin nan nauyi gare shi, sai ka sa ƙarfi ƙwallo take tafiya. A kansa na girma, na san shi kamar tsakar gidanmu, amma da zarar Juma'a ta zo na tuna kot, sai hannuna ya ɗauki rawa. A Kudu kuma ciyawa ce shimfiɗe, lallausa, mai santsi. Ranar da na fara taka ta, tsayawa na yi ina waige-waigen mai jan tabarma, har wanda muke wasa tare ya tambaye ni ko wani abu na yar. Da na buga da hannuna na yashi, ƙwallo ta wuce rami ko sallama ba ta yi masa ba, ta gangara ta faɗa kwalbati.

Abokin yawona Terver ne, ɗan Tibi daga wajen Obi, dogo, mai dariyar da ake ji daga rami na farko har na ƙarshe. Tun farkon haɗuwarmu muka yi sharaɗi irin na talakawan 'yan wasa: wanda kot ya kayar zai ɗaukar wa wanda ya tsallake jaka Asabar da Lahadi, shi kuma ya ciyar da shi ya biya masa mota. Sharaɗi ne mai kyau a baki. A aikace kuwa, kafaɗata ta hagu har kanta ta yi saboda jakar Terver, shi ko nauyin tawa bai sani ba.

A shekarar da nake ba ku labari, na dawo ƙauyenmu ta wajen Ashige a farkon azumi, hannu rabbana, don in ɗan huta kafin gasa biyu da suka rage. Zafin shekarar ya wuce misali. Rijiyar gidanmu ta ƙafe, sai laka guga yake fitowa da ita. Bayan sallar asuba Iya da sauran mata suke tafiya rafi, rafin ma ya zama yashi, sai sun tona rami sun zauna suna jira ruwa ya tsatso su kwasa da ƙoƙo. Yanzu da aka haƙa burtsatse a bakin masallaci, idan na ba yara wannan labarin sai su ɗauka ƙari nake. Da rana ta take kowa sai ya nemi gindin mangwaro. Awaki su kwanta suna haki, kaji su buɗe baki su saki fukafukai. Mangwaro ya nuna yana faɗowa tim a gabanka, ƙamshinsa ya cika maka hanci, kai kuma kana azumi, sai dai ka tara a kwando ka juya masa baya.

Da la'asar gida yake farfaɗowa. Iya ta jiƙa tsamiya, a ji turmi yana amsa turmi daga gida zuwa gida, ƙamshin ƙosai ya taso. Baba ya fito da irin doya daga rumbu yana jujjuyawa ɗaya bayan ɗaya, yana ware masu ruɓa, ni kuma ina ɓare gyaɗar iri da agushi. Komai an shirya, garma an kai maƙera an dawo da ita, tana rataye a jikin rumbu. Ruwa kawai ake jira.

A ƙauyenmu ba a shuka don an ga ruwa ya zuba. Akwai ruwan yaudara, wanda zai jiƙa saman ƙasa ka zuba iri, rana ta dawo ta soya shi. Saboda haka duk shekara idan aka yi ruwa, da safe maza sukan bi Baba zuwa gonarsa. Zai durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin ƙasa. In laima ta tsaya a yatsu sai ya karkaɗe hannu ya ce, “Ba ta sha ba.” In ta wuce wuyan hannu sai ya ce, “Ta sha,” kowa ya ruga gida ɗaukar iri. Haka ya gada daga mahaifinsa, kuma ba a taɓa jin ya yi kuskure ba. Shi ne kuma mai fara shuka, ba wanda ke riga shi.

Wata la'asar muna aikin iri sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, “Isiyaku, wannan wasan naku, har yanzu ban gane shi ba. Ƙato da gemunsa ya bugi ƙwallo da sanda, ya bi ta cikin rana, ya same ta, ya sake kore ta.”

“Haka yake, Baba.”

“To ban hana ka ba. Amma shekara biyu kana tafiya kana dawowa da kafaɗa a kumbure. 'Yan'uwanka mata duk sun yi aure, ni kuma bayana ya fara magana. Ga abin da za mu yi. Ranar da na ce ƙasa ta sha, in har lokacin ba ka taɓa kai wasan nan ƙarshe ba, ka ajiye sanduna ka ɗauki garma. Ka yarda?”

Me zan ce? Gaskiya ya faɗa, kuma bai faɗe ta da faɗa ba. Na ce na yarda, alhali ina son wasan nan kamar raina, kuma gasa biyun da suka rage duk a kan ciyawa suke.

Daga ranar na zama ɗan adawar hadari. Kowa ya ga gajimare ya taso daga gabas sai ya yi murna, ni kuwa sai in ɓata rai. Da magariba idan muka zauna shan ruwa, Baba yakan ɗaga hannu ya ce, “Allah ka kawo mana ruwa mai albarka.” Gida duka a ce amin. Ni kuwa daidai lokacin nake kafa kai a kofin kunu. Kwana biyu ana haka sai Iya ta harare ni.

“Kai, Isiyaku, kunun nan gudu zai yi ne? Ban ji amin ɗinka ba.”

“Na faɗa a zuci, Iya.”

“A zuci? To Allah dai yana jin na zucin da kyau.”

Na ga gemun Baba yana motsi.

Ranar tafiya Iya ta ƙulle min garin rogo da ƙuli-ƙuli da mangwaro, na haɗu da Terver a tashar Lafiya. Shi ma azuminsu na kafin Ista ya kama, ya bar nama ya bar giya, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba. Da na ba shi labarin sharaɗin Baba sai ya yi dariya har direba ya waiwayo.

“Wato kai da ruwan sama ne kuna yin gasa yanzu? Isiaku, wannan wahala naka ya fi nawa. Amma kar ka damu, in ka koma gona zan zo in koya maka noman doya, ku ba ku iya shi ba.”

“Jakarka fa, wa zai ɗauka?”

Nan dariyar ta tsaya. “Kai, gaskiya ne fa. Abeg, ka yi ƙoƙari.”

Gasa ta farko a Ibadan ba sai na ɓata muku lokaci ba. Ciyawa ta yi min abin da ta saba, Asabar da Lahadi na sha ɗaukar jaka da azumi a bakina. Na san matafiyi yana da sauƙin ajiye azumi, amma a ganina mutumin da ke neman alfarma irin tawa a wajen Allah bai kamata ya fara da neman rangwame ba. Daga can muka gangara Kudu sosai, filin wani kamfani a cikin kurmi, inda zafin ba na rana ba ne, na gumi ne, ka yi wanka ka fito kana ɗiga. A rumfar masu ɗaukar jaka muke kwana, mu yi matashi da takalma. Da asuba in jiƙa gari in ci da ƙuli-ƙuli, Terver ya buɗe ido ɗaya ya ce azumin da ake tashi a ci abinci kafin a fara shi ai ba azumi ba ne, ya juya ya ci gaba da minshari.

Ranar Alhamis na yi wasa ba yabo ba fallasa. Daga nesa ina kai ƙwallo inda nake so, amma da na zo kusa da rami sai ta riƙa zamewa. Na gama ina bakin gaɓa, kot yana leƙo ni.

Da yamma muka tafi tashar manyan motoci, inda 'yan Arewa ke shan ruwa. A lokacin babu wayar hannu, labarin gida sai a bakin direba. Muka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, muka tarar da wani direban Lafiya da ya kawo lodin agushi. Bayan an gaisa na tambaye shi, ina yi kamar ban damu ba, yaya zafi a gida.

“Wane zafi? Ai mun samu ruwa, Alhamdu lillahi! Tun makon jiya. Ruwa fa ba na wasa ba, har gada ya shafe. Daga Obi har Ashige kowa yana gona, ni da kaina na ga ana shuka.”

Ƙosan da ke bakina ya zama kamar auduga. Ruwan da ya shafe gada ai ba wuyan hannu ba, har gwiwar hannu ya kai. Wato tun ina Ibadan ina fama da jakar Terver, Baba ya riga ya ce ta sha, sharaɗi ya cika, ni manomi ne ban sani ba. Terver bai yi dariya ba a wannan karon. Ya dafa kafaɗata, ita wadda ta yi kanta, muka koma rumfa.

Abin mamaki, da na tashi ranar Juma'a sai na ji ni sakayau. Abin da nake tsoro ya riga ya faru, babu sauran abin tsoro. Na ce wa kaina yau ce ranar bankwana, bari in buga don daɗin bugun kawai. Muna shirin fita sai sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kaɗa bishiyoyin kwakwa, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka tsayar da wasa, muka cunkushe a rumfa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, duk da baƙin cikina sai da na ja shi har cikin ƙirji, don ɗan manomi ba ya iya fushi da wannan ƙamshin. Da tsawa ta lafa aka ce a fita, ana yayyafi.

A rami na farko na kai ƙwallo kan ciyawar, na tsaya, na buga ta yadda hannuna ya saba, ina jiran ta wuce ta faɗa daji. Sai na ga tana tafiya a hankali tana jan ɗan wutsiyar ruwa a baya, ta je bakin rami ta tsaya cak. Na dubi ciyawar, na taka ta da ƙafa. Ta sha ruwa ta yi nauyi. Wallahi yashin Jos ne sak, tabarmar kawai ce babu.

Ranar na yi wasan da ban taɓa yi ba. Gwanayen ciyawa suna lallaɓa ƙwallo yadda suka saba, tana mutuwa a rabin hanya, suna zagin ruwa. Ni kuwa ina dukanta kamar ina gida, tana shiga. Hannuna bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Rigata ta manne a jiki, takalma suna cakal-cakal, ruwa yana gangarowa daga hula zuwa leɓena, ni kuma na datse baki gam don kada ɗigo ya shiga ya karya min azumi. Mutum yana tsakiyar ruwa, ƙishi yana kashe shi, kuma yana murmushi da baki a rufe. Waɗanda muke wasa tare sun ɗauka ba ni da lafiya.

A rami na ƙarshe ƙwallona tana can nesa, ga hawa. Ban yi wani dogon nazari ba, na ba ta wuta. Ta hau, ta karkata, ta faɗa ƙwal. Ina sunkuyawa in ɗauko ta sai na ji ihu daga wajen allon da ake rubuta sakamako. Terver ne yake tahowa a guje, yana zamewa a laka.

“Isiaku! Ka tsallake! Ka tsallake kot, ɗan banza!” Ya rungume ni ya ɗaga sama. Sai kuma ya dire ni, fuskarsa ta canja. “Ni kuma na faɗi. Wannan ruwa naka ya kashe ni.”

Na yi dariya har na zauna a cikin ruwa. Kuka ma na yi, amma ana yayyafi, ba wanda ya gane.

Asabar da Lahadin nan ba zan manta da su ba har in mutu. Ina tafe a gaba hannu a aljihu, Terver yana biye da jakata yana mita.

“Wannan jaka naka, doya ka sa a ciki? Shebi nawa bai kai haka nauyi ba.”

“Ya fi haka. Miƙo min sanda, kuma ka goge ta tukuna.”

“Allah ya isa, Isiaku.”

Amma duk mitarsa, shi ne yake tsugunawa ya duba min gangaren ciyawa, shi ne yake tsalle idan ƙwallo ta shiga, har alƙalin wasa ya ja masa kunne. An ci gaba da ruwa kullum da safe, ciyawa ba ta bushe ba. Ban ci kofi ba, amma da aka gama ranar Lahadi sunana yana cikin goman farko, aka kira ni gaban jama'a aka tafa min. Da magariba ni na saya wa Terver abinci, karo na farko tun da muka san juna. Ista ta riga ta wuce, ya ce a zuba masa nama har sai ya ce ya isa, kuma bai ce ba.

A hanyar dawowa murna ta fara tsiyayewa. Daga Otukpo zuwa Makurdi, daga Makurdi zuwa Lafiya, ko'ina ƙasa ta yi baƙi da laima, mutane sun duƙufa a gonaki, masara har ta fara leƙowa. Na kai ƙarshen wasa, amma na makara. Na ce wa Terver idan mun isa ya ɗauki sandunana, sun fi nasa kyau. Ya ce ba ya so, kuma ba zai sauka a hanya ba, zai bi ni har gida ya roƙi Baba.

“Baba ba ya magana biyu,” na ce masa.

“To zan roƙe shi da Tibi, ba zai ji abin da na faɗa ba balle ya ƙi.”

Muka sauka a bakin titi da hantsi, muka bi hanyar ƙafa ta cikin gonaki. Hagu da dama duk an yi kunya an shuka. Sai muka iso wata gona guda a tsakiya, ba a taɓa ta ba, ciyawa ta fito kore shar ta rufe ta. Gonar Baba ce. Ban da ciwo ko mutuwa, ba abin da zai hana Baba shuka. Na yar da jaka na sa gudu.

A ƙofar gida na ci karo da Iya tana tankaɗe, lafiyarta lau.

“Iya, Baba fa? Me ya same shi?”

“Me ya same shi kuwa, ban da rigima? Shiga ka gan shi, ni na gaji.” Ta ajiye rariya tana ƙoƙarin ɓoye dariya. “Ranar da aka yi ruwan nan har katangar bayan gida ta zube. Da safe maza suka bi shi gona, ya sa hannu har gwiwar hannu, ya zaro shi laka tana ɗiga, ya dubi mutane ido cikin ido ya ce ba ta sha ba. Aka sake ruwa, aka sake binsa, ya ce ba ta sha ba. Da mutane suka gane inda ya dosa, sai kowa ya lallaɓa ya yi shukarsa. Kullum da safe su wuce ta nan da laka har gwiwa, su ce, ‘Baba, Allah ya kawo ruwa,’ shi kuma ya ce amin.”

Baba yana zaune a gindin mangwaro a kan buzunsa, yana fifita da mafici kamar ana tsakiyar bazara, alhali ga kwaɗi suna kuka a bayan gida. Garma tana rataye a inda na bar ta. Irin doya a rumbu har ya fara tsiro. Na durƙusa na gaishe shi, Terver ya iso da jakunkuna biyu yana haki, shi ma ya zube.

“Kun dawo lafiya?” in ji Baba.

“Lafiya lau, Baba.”

“Wasan fa? Ka kai ƙarshensa?”

“Na kai, Baba.”

“Ya kai, Baba!” Terver ya karɓe. “Ni ne na ɗauki jaka nashi, duba kafaɗa na!”

Baba ya gyaɗa kai, ya ajiye mafici, ya miƙe a hankali yana dafa baya. Ya nufi gona muna biye, maƙwabta suna ganinmu suka yar da abin da suke yi suka biyo sahu. A tsakiyar gona ya durƙusa, ya ture ciyawa, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu a ƙasar da ko ɗan yaye ya san ta ƙoshi. Ya daɗe a haka, fuskarsa a murtuke, kamar mai auna abu mai wuya. Sannan ya zaro hannun.

“To,” ya ce, “yanzu kam ta sha.”

Aka kwashe da dariya da kabbara, mata suna guɗa daga bakin hanya. Ni ban iya dariyar ba. Ina kallon ciyawar da ta cinye gonar mutumin da bai taɓa bari wani ya riga shi shuka ba.

Washegari Terver ya tafi Obi ya dawo da 'yan'uwansa cike da akori-kura, kowa da garmarsa. Maƙwabta ma suka fito gayya. Mu masu azumi muna nome ciyawa muna zuba iri, Tibi suna tayar da kunyar doya suna waƙa, ƙasa tana tashi kamar ba hannu ke yi ba. Iya da azumi a bakinta ta kirɓa musu sakwara turmi bayan turmi. Terver ya cika alkawari, ya tsaya a kaina yana koya min riƙon garma, yana cewa ashe ko a nan ma hannuna na yashi ne. Kafin Sallah an rufe gonar. Masara ba ta yi kyau sosai ba a shekarar, jinkirin ya taɓa ta, kuma Baba bai taɓa ambata hakan ba. Doya kuwa ta yi.

Bayan nan na buga Asabar da Lahadi da yawa, har ƙasashen waje sanda ta kai ni. Kot ma bai daina kayar da ni ba, na sake ɗaukar jakar Terver ba sau ɗaya ba. Amma kowace shekara idan hadari ya fara haɗuwa nakan dawo gida in ɗauki garma, ba don sharaɗi ba. Har yau ranar ruwan farko Terver yakan kira ni daga Obi, ko gaisuwa babu, ya ce, “Isiaku, ta sha ko ba ta sha ba?”

Tambaya ɗaya ce ta daɗe tana cina, ban samu bakin yin ta ba sai da Baba ya tsufa sosai, har ni nake riƙe shi zuwa gona ranar gwajin ƙasa. Muna dawowa wata safiya, hannunsa da laka yana kan kafaɗata, na ce, “Baba, shekarar nan da ka jira ni. Da na dawo na ce maka ban kai ƙarshe ba fa?”

Ya tsaya ya numfasa, ya dubi sama, ya dubi gonakin da suka jiƙe sharkaf.

“Da har yanzu ba ta sha ba,” ya ce. Ya goge lakar a rigata muka ci gaba da tafiya.